Kewar Bar Beach: ƙuruciya ake nema ko bakin tekun da aka rasa?

A ƙarshen watan Afrilun 2024 motocin rusau suka shiga bakin tekun Landmark da ke unguwar Oniru a Legas, domin a buɗe wa babban titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba hanya, titin da aka ce zai kai kusan kilomita 700. Ministan Ayyuka David Umahi ya kare matakin da cewa filin na Gwamnatin Tarayya ne, masu wurin kuma suka ce an taɓa jarin da ya ɗauki dubban ma'aikata. Sai dai cecekucen da ya biyo baya bai tsaya kan Landmark ba. Nan da nan ya koma kan wani bakin tekun da ya daɗe da ɓacewa, wato Bar Beach na tsibirin Victoria. Waɗanda suka yi samartaka da 'yanmatanci a Legas tsakanin shekarun 1970 zuwa 1990 suka fito da tsofaffin hotuna, ana ta ba da labarin hawan doki da yawon Sallah da hutun makaranta.

Matashin da bai taɓa ganin wurin ba zai iya ruɗewa. Wasu na cewa an ƙwace wa talaka wurin shaƙatawarsa an ba masu kuɗi. Wasu na cewa teku ne ya cinye wurin tun kafin kowa ya taɓa shi. Wasu kuma na cewa duk zancen banza ne, tsufa ne ke sa mutum ya ga komai na da ya fi na yanzu. Kowanne daga cikin ukun yana da hujjar da ba za a yar ba, amma ba abu ɗaya suke magana a kai ba.

Mece ce kewar zamanin baya?

Abin da ake nufi a nan shi ne begen wani lokaci da ya wuce a rayuwar mutum, begen da ke zuwa da daɗi da ɗan ɗaci a haɗe. Ya bambanta da baƙin cikin rashi, domin mai kewar yakan so ya daɗe a cikinta, yana ba da labari yana dariya.

Ba kullum aka ɗauke ta abu mara lahani ba. A 1688 wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya rubuta a birnin Basel cewa cuta ce, kuma an daɗe ana danganta ta da sojojin haya 'yan Suwizalan da ke yaƙi nesa da gida, waɗanda ke ramewa su daina cin abinci saboda begen ƙasarsu. Sai a 'yan shekarun nan ra'ayin masana ya juya. Binciken Constantine Sedikides da Tim Wildschut na Jami'ar Southampton a Ingila ya nuna cewa kaɗaici da damuwa na cikin manyan abubuwan da ke tayar da kewar, kuma tuna bayan kan rage wa mutum jin kaɗaicin, ya ƙara masa jin cewa yana da mutane. Abin da ke fitowa a irin waɗannan labaran galibi mutane ne: abokai, iyaye, wadda ake so. Wurin yana zuwa ne a matsayin dandalin da aka haɗu.

Akwai kuma dalilin da ya sa shekarun samartaka suka fi fitowa. Tun a shekarun 1980 David Rubin da abokan aikinsa suka lura cewa idan aka nemi dattawa su tuno abubuwan da suka faru da su, kaso mafi tsoka kan fito ne daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsu. A lokacin ne ake yin abubuwa karon farko: fita ba tare da iyaye ba, kashe kuɗin aljihu yadda aka ga dama, soyayyar farko. A lokacin ne kuma mutum ke gina tunaninsa game da ko shi wane ne. Saboda haka ɗan shekara 55 da ke cewa babu zamanin da ya kai 1985 daɗi, akwai yiwuwar shekararsa ta 15 yake yabo. Ɗan shekara 35 zai rantse da 2005, kuma da zuciya ɗaya zai rantse.

Wurin da ake magana a kai

A da Bar Beach yana gefen titin Ahmadu Bello, a kudancin tsibirin Victoria, inda Legas ta fuskanci Tekun Atlantika kai tsaye. Babban abin da ya bambanta shi shi ne ba shi da katanga kuma yana tsakiyar gari. Kuɗin mota daga Obalende ko tashar CMS ya wadatar. Ɗan babban sakatare da ke zaune a Ikoyi da yaron shago daga Mushin rairayi ɗaya suke takawa. Akwai dawakin haya, da masu hoto, da masu tsire da gyaɗa da kwakwa, can gefe kuma mabiya cocin fararen kaya suna addu'o'insu da kyandir.

Alaƙar 'yan arewa da wurin ba ta nesa ba ce. Kafin a mayar da fadar gwamnati Abuja a watan Disambar 1991, Legas ce hedikwatar ƙasa, don haka 'ya'yan ma'aikatan tarayya da ke rukunin gidajen da ake kira 1004, da 'ya'yan sojojin Dodan Barracks da Bonny Camp, da mazauna Obalende da Idi-Araba da Agege, da yawa a can suka yi yawon Sallarsu. Ofisoshin hulɗa na jihohi da dama ma a kan wannan titin suke. Ga yaron da ya zo hutu daga Kano ko Sakkwato, nan ne karon farko da zai ga ruwan da ba a hango ƙarshensa.

Wani abu da ake yawan cakuɗawa shi ne lokaci. A Turai da Amurka dogon hutun makaranta yana faɗowa ne a lokacin zafinsu, shi ya sa hutu da bakin teku suka zama tagwaye a finafinansu da waƙoƙinsu. A Legas dogon hutu daga Yuli zuwa Satumba ne, cikin damina, lokacin da teku ya fi fushi. Cikar Bar Beach ta gaske sai Kirsimeti da sabuwar shekara da Ista da ranakun Sallah. Mai cewa ya kwashe dogon hutunsa kaf a bakin ruwa, wataƙila 'yan ranakun biki ne ƙwaƙwalwarsa ta shimfiɗa suka rufe wata biyu.

Abin da ya ci rairayin

Nan ne hujjar masu cewa teku ne ya yi ɓarnar take da ƙarfi, kodayake shi ma tekun hannun mutum ne ya tunzura shi.

A gaɓar Afirka ta Yamma igiyar ruwa tana bugowa ne daga kudu maso yamma, a karkace. Wannan ke sa yashi yana tafiya a hankali daga yamma zuwa gabas, daga wajen Ghana da Togo da Benin zuwa Nijeriya. Kowane bakin teku yana rasa yashi ta gabas, yana samun sabo ta yamma. Muddin shiga da fita sun yi daidai, gaɓar tana nan yadda take.

Matsalar Turawan mulki ita ce wannan yashin yana toshe bakin mashigin tashar jiragen ruwa ta Legas, har manyan jirage sai sun tsaya a waje a yi ta jigila da ƙanana. Tsakanin 1908 da 1912 aka shimfiɗa dogayen katangun duwatsu a bakin mashigin, suka miƙe cikin teku. Tashar ta samu lafiya, amma katangar yamma ta tare yashin da ke tahowa. Sai gaɓar da ke yamma da mashigin, wajen hasumiyar fitilar jirage da Tarkwa Bay, ta riƙa faɗi, ita kuwa ta gabas, wato Bar Beach, ta ci gaba da rasa nata ba tare da mayewa ba. Kamar rumbu ne da ake ɗiba kullum ba a zubawa. Cikin ƙarnin da ya biyo baya, tekun ya ci ƙasar da nisanta ya haura kilomita guda.

Gwamnatoci ba su naɗe hannu ba. Tun 1958 ake haƙo yashi daga wani wuri ana jibgewa a Bar Beach, aka maimaita hakan sau da yawa a shekarun 1970 da 1980 da 1990, kowane karo ruwa ya kwashe cikin 'yan shekaru. Wannan yana nufin faffaɗan rairayin da ɗan 1985 ke tunawa shi ma ba na asali ba ne, na kwangila ne. Zuwa farkon shekarun 2000, torokon teku yana tsallake titin Ahmadu Bello ya shiga gine-gine, har wasu masu ofisoshi suka tashi. A zamanin da Bola Tinubu ke gwamnan Legas ne aka fara jera manyan tubalan kankare a gaɓar don tare ruwan.

Eko Atlantic: masu yabo da masu suka

Daga wannan aikin kariya ne aka tsallaka zuwa babban shiri: a cike tekun da yashi a maido da ƙasar da aka rasa, a gina sabon birni mai suna Eko Atlantic a kanta. Kamfanin South Energyx na rukunin Chagoury ne ke aikin bisa yarjejeniya da Gwamnatin Jihar Legas. An fara cikon wajen 2008, kuma a Fabrairun 2013 aka yi bikin da Shugaba Goodluck Jonathan da tsohon Shugaban Amurka Bill Clinton da Gwamna Babatunde Fashola suka halarta. Tsarin ya tanadi fili mai faɗin murabba'in kilomita 10, da katangar teku mai tsawon kilomita 8.5 da aka yi wa laƙabi da Babbar Ganuwar Legas, da gidajen mutum kusan 250,000. A can ne Amurka ta aza harsashin sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a 2022.

Masu goyon baya suna da magana mai sauƙin fahimta. Bar Beach ya riga ya mutu kafin a zuba tifa ɗaya, tsibirin Victoria kuma, inda bankuna da manyan kamfanoni suke, yana cikin haɗari. Gwamnati ta yi shekara hamsin tana zuba kuɗi a ruwa. Yanzu kuɗin 'yan kasuwa ne ya gina kariyar, titin Ahmadu Bello kuma ya daina nitsewa da ruwan teku. Wannan batu na ƙarshe ko masu suka ba su cika musanta shi ba.

Masu suka kuwa sun kasu. Kashi na farko na magana kan muhalli: katanga ba ta kashe ƙarfin igiyar ruwa, sai dai ta tura matsalar gaba, haƙar yashi daga ƙarƙashin teku kuma tana sauya yadda ruwa ke bugun gaɓa. Mazauna ƙauyukan gabas irin su Okun Alfa, inda Alpha Beach yake, sun daɗe suna cewa zaizayar da ta cinye musu gidaje da hanya ta ƙaru bayan fara aikin. A watan Agustan 2012 toroko ya afka wa Kuramo Beach da ke maƙwabtaka, ya tafi da mutane da dama, daga baya gwamnati ta rushe rumfunan wurin. Masu aikin sun musanta cewa su ne sanadi, suna nuni da cewa toroko da zaizaya sun girmi aikin da shekaru masu yawa, gwamnatin jihar kuma ta shiga gina ƙananan katangun tare yashi a gaɓar Lekki. Gaskiyar magana, raba kason laifi tsakanin tsofaffin katangun tasha da haƙar yashi da sabon cikon da hauhawar ruwan teku abu ne mai wuya, kuma kowane ɓangare yana ɗaukar ɓangaren da ya yi masa daɗi.

Kashi na biyu ba ruwansu da igiyar ruwa. Tambayarsu ita ce: an yarda a cike teku, amma me ya hana a ware wa jama'a bakin ruwa kyauta a cikin sabon filin? Ƙasar da teku ya ci ta kowa ce, wadda aka maido kuma ta zama ta mai iya saye. Wannan ita ce sukar da ta fi wuyar amsawa, domin ba ta dogara da wani lissafin injiniyoyi ba.

Abin da ƙwaƙwalwa ke tacewa

Hausawa na cewa wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma binciken masana bai yi nisa da wannan ba. A 1997 Terence Mitchell da Leigh Thompson da abokan aikinsu suka bi diddigin mutanen da suka yi tafiye-tafiyen hutu, har da masu yawon keke na mako uku a Kalifoniya. Sun tambaye su kafin tafiya, da lokacin da ake ciki, da bayan an dawo. A tsakiyar tafiyar ana ta ƙorafin ruwan sama da gajiya da abokan tafiya. Bayan an dawo, sai aka riƙa ba tafiyar makin da ya fi wanda aka ba ta tana gudana. Ɗacin abu yakan rigayi daɗinsa dusashewa.

Bar Beach yana da abubuwan da hotunan Sallah ba sa nunawa. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar 1970 da ta yanke hukuncin kisa kan fashi da makami, kuma a wannan rairayin ne aka riƙa ɗaure waɗanda aka yanke wa hukunci a jikin turaku, da gangunan yashi a bayansu, a harbe su a bainar jama'a. Shahararren ɗan fashin nan Ishola Oyenusi a can aka harbe shi ranar 8 ga Satumbar 1971, gaban dubban 'yan kallo. A 1976 ma a wurin aka harbe wasu daga cikin waɗanda aka samu da hannu a yunƙurin juyin mulkin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinsa. Ban da wannan, ruwan wurin yana da ja mai ƙarfi, nitsewa kuma ba baƙon labari ba ne, musamman ranakun biki. A shekarunsa na ƙarshe wurin ya yi suna da ƙazanta da 'yan daba masu karɓar kuɗi da ƙarfi, har iyaye da yawa suka hana 'ya'yansu zuwa.

Wannan bai mayar da masu kewar maƙaryata ba. Yaron da ya hau doki ranar Sallah a 1983 ya ji daɗin da yake faɗa. Kuskuren yana shigowa ne idan aka ɗauki daɗin yini guda aka auna zamani sukutum da shi. Haka ma kuskure ne a ce tunda ƙwaƙwalwa na yin ado, to babu abin da aka rasa. Ana iya auna wannan ba tare da tambayar zuciyar kowa ba: a da akwai bakin teku a tsakiyar Legas da ake shiga ba tikiti, yanzu babu. Ƙidayar 1963 ta ba birnin mutum dubu 665, yau ana maganar sama da miliyan 15, wurin shan iska na kyauta kuma raguwa ya yi.

Irin wannan rarrabewar tana da amfani ko a wajen Legas. Mutanen Kano da ke kewar Bagauda ta zamanin Audu Baƙo suna kewar ƙuruciyarsu, amma kuma gaskiya ne otal ɗin bakin tafkin ya koma harabar Makarantar Horas da Lauyoyi.

Bakin teku na wane ne?

Rikicin Landmark ya fito da wani ruɗanin na doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Sai kuma dokar soja mai lamba 52 ta 1993 ta ce duk filin da ke cikin mita 100 daga gaɓar teku kamar yadda take a 1967, da duk wanda aka samu ta hanyar cike ruwa, na Gwamnatin Tarayya ne. An ƙalubalanci wannan doka a kotu, Legas da Abuja kuma sun daɗe suna jan igiya a kan ikon gaɓa da hanyoyin ruwa. A gefe guda ga gidajen sarauta irin su Oniru da Elegushi, waɗanda ke da filayen gado a yankin, kuma sunayensu ne a kan wasu bakunan tekun da aka sani da karɓar kuɗin shiga.

Abin lura shi ne duk wannan takaddamar a kan mallaka ce: tarayya ko jiha, sarauta ko kamfani. Haƙƙin mai tafiya a ƙasa na ya isa bakin ruwa ba ya cikin abin da ake jayayya a kai. A wasu ƙasashen da shi ake farawa. Dokar gaɓar teku ta Faransa ta 1986 ta tabbatar wa masu tafiya a ƙasa shiga bakin teku kyauta, kundin tsarin mulkin Brazil na 1988 kuma ya sa bakunan teku cikin dukiyar tarayya. Wannan ya bayyana wani abin mamaki a muhawarar 2024: da yawa daga cikin masu kukan rushe Landmark suna kuka ne kan wurin da shi ma sai da tikiti ake shigarsa.

Yadda abin ke taɓa talaka

Na farko aljihu. Magidanci mai 'ya'ya biyar da ke Agege, in zai kai iyalinsa bakin teku ranar Sallah, sai ya haɗa kuɗin mota zuwa Lekki ko gaba da nan, da kuɗin shiga na kowane kai, a wasu wuraren har da kuɗin shigo da abincin gida da na rumfa. Da yawa sun haƙura, yawon ya koma manyan kantuna ko gidan dangi. Wanda bai haƙura ba yakan nemi gaɓar da babu mai tsaro, inda babu masu ceto idan ruwa ya ja yaro.

Na biyu sana'a. Buɗaɗɗen bakin teku kasuwa ce da ba ta buƙatar jari mai yawa: mai doki ɗaya, mai tiren tsire, mai kyamara. A wurin da aka katange, sai da izinin mai wuri da kason da zai karɓa. Masu kare tsarin na biya suna cewa kuɗin shigar ne ke biyan masu shara da masu gadi da masu ceto, abubuwan da Bar Beach bai samu ba a ƙarshen rayuwarsa, kuma ma'aikatan da ake ɗauka suna da albashi tsayayye. Haka ne, sai dai Landmark ya nuna cewa wannan albashin ma yana iya tsayawa cikin mako guda.

Waɗanda abin ya fi yi wa nauyi su ne mazauna gaɓar kansu, waɗanda ba su cika fitowa a labaran kewa ba. Mutanen Kuramo sun rasa matsuguni a 2012. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay bisa hujjar fasa bututun mai, masu kare haƙƙin ɗan-Adam kuma suka ce an hukunta dubbai saboda laifin 'yan kaɗan. Sashen farko na sabon titin Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kilomita 47, ya tashi ne daga titin Ahmadu Bello, daidai inda Bar Beach yake a da, ya nufi Eleko ta gaɓar Lekki, yankin da ya rage wa masunta da ƙananan bakunan teku masu araha. Farashin fili a gefen sabon titi hawa yake yi, kuma mai rumfar kifi ba ya cikin masu iya biya.